Ford F-150 ta 2010, 2014, 2016 ko 2018: wacce ta dace da aikin gona?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Kaduna, gonata kuma tana yankin Saminaka. Ina son babbar a-kori-kura wadda zan riƙa shiga gona da ita, in ɗauko taki da buhuna, wani lokaci kuma in yi tafiya da iyali. Dillalina ya turo mini hotunan Ford F-150 guda huɗu daga gwanjon Amurka: ta 2010, ta 2014, ta 2016 da ta 2018. A ido, ta 2010 da ta 2014 kusan ɗaya ne, haka ma ta 2016 da ta 2018, amma kuɗinsu ya yi nisa da juna. Me ya canza daga shekara zuwa shekara, kuma wacce za ta fi jure mana?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sanya albarka a gonar, ya sa a sayo a sa'a.

Abin da ya rikita ka shi ne abin da ke rikita kusan duk mai neman wannan mota. Ford ba ya canza jiki da inji a lokaci guda. Jikin F-150 ya canza gaba ɗaya a 2009, sai 2015, sai 2021. Injuna da giyabos kuwa sun yi nasu babban canjin a tsakiyar zubi, wato a 2011, sannan a 2017 da 2018. Shi ya sa za ka ga motoci biyu kamar an tsaga kara, ka buɗe bonet ka tarar ko fulogi ba su haɗa ba. Ta 2010 da ta 2014 jiki ɗaya ne amma injin daban. Ta 2014 da ta 2016 kuwa jikinsu ya sha bamban, amma idan dukansu masu injin 5.0 ne, abin da ke jan su kusan ɗaya ne. Idan ka riƙe wannan, sauran bayanin zai zo maka da sauƙi.

Kafin mu shiga cikinsu, ka tabbatar shekarun da aka faɗa maka gaskiya ne. Shekarar da Amurkawa ke laƙaba wa mota takan riga kalanda: an fara ƙera ta 2015 a masana'antar Dearborn da ke jihar Mishigan tun watan Nuwamba na 2014. Abin dogaro shi ne lambar shasi mai haruffa da lambobi 17, wadda ake kira VIN. Ka ƙirga zuwa na goma. A na nufin 2010, E 2014, F 2015, G 2016, H 2017, J 2018 (ba a amfani da I), K 2019, L 2020, M 2021. Na takwas kuma shi ke gaya maka injin: daga 2011 zuwa 2017 harafin F na nufin 5.0, daga 2018 ya koma lamba 5, harafin P kuma injin 2.7 ne. Na dage a kan wannan ne saboda sana'ar canza fuska ta yi ƙarfi a ƙasar nan. Ana ɗaukar ta 2015 a sa mata fitilu da ragar gaba da bamba na 2018, a sayar wa wanda bai sani ba. Tun 2022 ma kwastan da wannan lamba suke kimanta kuɗin fito, don haka ko ba don dillali ba, ya kamata ka iya karanta ta.

Ta 2010 ba zan daɗe a kanta ba. A 2009 da 2010 babu mai silinda shida sam, duk masu takwas ne, yawanci 4.6 iri biyu da kuma 5.4. Ƙaramin 4.6 ɗin yana da giya huɗu kacal, ƙarfinsa doki 248, a mota mai wannan nauyi. Shi kuwa 5.4 mai bawul uku a kowace silinda, sunansa bai yi kyau a bakin makanikai ba. Matsalar karyewar fulogi a cikin kan inji da ta addabi na 2004 zuwa 2008 an magance ta kafin wannan zubi, amma ciwon taimin yana nan. Akwai wata giya a kan kamshaf da ke sauya lokacin buɗewar bawul, da ƙarfin baƙin mai take aiki. In aka riƙa jinkirin juye, ko aka ɗura mata mai mai kauri, sai ka ji injin fetur yana ƙara kamar na dizal idan ya yi zafi yana tsaye. Motar da ta haura shekara goma a hannun da ba ka sani ba, mai wannan inji, ko da arha ni ba zan ce ka saya ba.

A 2011 ne Ford ya share tebur. Ya ajiye tsofaffin 4.6 da 5.4, ya jera injuna huɗu: 3.7 mai silinda shida da doki 302, 5.0 mai silinda takwas da doki 360, 3.5 EcoBoost mai turbo biyu da doki 365, sai babban 6.2 mai doki 411. Dukansu da giyabos mai giya shida. Ka lura, ƙaramin cikinsu ya kusa kamo tsohon 5.4 a ƙarfi. Sitiyari ma ya koma na lantarki a yawancinsu, ba ruwanka da famfon man sitiyari mai yoyo, amma fa in ya lalace ba gyaran bakin titi ba ne, sai an canza shi ɗungurungum. Daga 2011 zuwa 2014 sauran canje-canjen na kwalliya ne: a 2013 an taɓa ragar gaba, an ƙara fitilu masu haske a manyan matakai, wato nau'o'in da suka fi kayan alatu, an sa allon taɓawa na MyFord Touch wanda su kansu Amurkawa suka yi ta ƙorafi a kan nawarsa.

To wane inji ne a cikin ta 2014 ɗin da aka turo maka? Nan ne maganar take.

In 5.0 ne, ka samu injin da na fi yarda da shi a duk jerin. Ba shi da turbo, nozul ɗinsa a bayan bawul yake fesa mai kamar yadda makanikanmu suka saba gani a sauran motoci, kuma yana da haƙuri da fetur ɗin da ba ka san inda aka auno shi ba. Yana shan mai, ba zan ɓoye maka ba. A ma'aunin hukumar muhalli ta Amurka, mai jan taya biyu tana yin kusan kilomita 7 a lita, kuma da kaya a hanyar gona ba za ka ga hakan ba.

In EcoBoost ne, sai a yi hattara. Wannan inji yana da ja na ban mamaki, tun daga ƙasa yake ba ka ƙarfinsa, don haka masu jan tirela a Amurka suka rungume shi. Amma zubin farko, na 2011 zuwa 2016, kai tsaye yake fesa mai cikin silinda. Fetur ba ya bi ta bayan bawul balle ya wanke shi, sai kunkunniya ta riƙa taruwa a can har iska ta rage shiga. Na farko-farkon sun yi fama da taruwar ruwa a cikin lagireton da ke sanyaya iskar turbo idan akwai raɓa a iska. Mutum zai daɗe yana tafiya a hankali, da ya taka totur don ya wuce babbar mota sai injin ya zuƙi ruwan, motar ta fara shessheƙa a daidai lokacin da ya fi buƙatarta. Ka tuna yadda damina take a yankin Saminaka. Sarƙar taimin ɗinsa ma tana miƙewa, alamarta ƙarar ƴan daƙiƙu idan an tayar da safe. Duk waɗannan suna gyaruwa, amma gyaran mai kwamfuta ne da kayan da sai an aiko daga kasuwar Ladipo ta Legas ko daga waje.

Giyabos mai giya shida na waɗannan shekaru mai ƙwari ne, sai dai yana da tabo guda. Akwai wani farantin lantarki a cikinsa mai ɗauke da na'urar auna gudu. In ya fara ruɗewa, motar na iya faɗawa giya ta ɗaya tana cikin gudu, tayoyin baya su ƙulle. Ford ya yi kiranyen gyara na 2011 zuwa 2013 a 2019, na 2014 kuma a 2024. Da lambar VIN ana iya dubawa a shafin hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka, NHTSA, a ga ko da sauran kiranyen da ba a yi wa motar ba. Kyauta ne, minti biyu.

Yanzu mu zo 2015, wadda ita ce shekarar da ta raba tarihin motar biyu. Ford ya bar shasi a ƙarfe, amma jiki duka, daga gidan direba har bodin baya, ya koma alminiyam, abin da maƙeran tukwane ke kira sanholo. Nauyin motar ya ragu da abin da ya kai kilo 300 da ɗoriya a wasu nau'o'in. Wannan ragin ba ƙaramin abu ba ne. Wani ɓangare na kilon da aka cire daga jiki ya koma kilon kayan da za ka iya ɗorawa, birki ya sami sauƙi, motar ta fi tashi. Jikin kuma ba ya tsatsa. In kana shakkar wace ce a gabanka, manna mayen ƙarfe a ƙofa. Kada ka gwada a bonet, don bonet ɗin F-150 alminiyam ne tun kafin 2015.

Amma wanda ya zana wannan jiki ba da fanel bita na Panteka ya yi lissafi ba. A masana'anta ba walda aka yi wa yawancin gaɓoɓin ba, da ƙusoshin matsi da wani gam mai ƙarfi aka haɗa su. Ƙarfe in ya loɓa, ka ɗumama ka buga, yana neman komawa yadda yake. Alminiyam ba haka yake ba: yana taurarewa a inda ya lanƙwashe, in ka matsa masa da guduma sai ya tsage. Kuma ba ya yin ja kafin ya narke. Ƙarfe sai ya kai wajen digiri 1,500, kana kallonsa yana canza launi, shi kuwa a digiri 660 yake zubewa ba sallama. Na taɓa karɓar wata ta 2015 da aka goga wa ƙofar baya a kasuwa. Loɓawar ba ta fi tafin hannu ba. Mai ita ya kai wa wani mai bugun bodi da ya ƙware ƙwarai a kan ƙarfe, bawan Allah ya kunna wutarsa kamar yadda ya saba, kafin ya ankara rami ya buɗe. Ƙarshenta ƙofa sukutum muka nemo. Ba laifin hannunsa ba ne, abin da bai taɓa aiki da shi ba aka kawo masa.

Akwai wani abu kuma da masu gona ke faɗawa ciki. Za ka so a yi maka kejin ƙarfe a baya don lodin buhuna ko dabbobi. In mai walda ya huda bodin ya ɗaure ƙarfe tsirara a jikin alminiyam, da ruwa ya shiga tsakaninsu sai wurin ya fara cinyewa, ya yi farin gari, fenti ya kumbura. Dole a sa roba ko leda mai kauri a tsakani, a yi amfani da noti masu rufi. Ƙasan bodin ma ya fi saurin hujewa in abu mai kaifi ya faɗo daga sama. Kamfanin Chevrolet har talla ya yi da wannan a 2016, yana zazzage bulo a bayan motocin biyu don ya nuna bambanci. Talla ce ta kishiya, an yi ta don a ci fuska, amma akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Shimfiɗar roba mai kauri ko katako tana kashe maganar. Su ma can Amurka, cibiyar binciken haɗurra ta kamfanonin inshora, IIHS, da ta gwada karo mai sauƙi a 2015, ta tarar kuɗin gyaran mai alminiyam ya fi na mai ƙarfe da kashi 26 cikin ɗari. In a can aka sami wannan tazara, ka ƙiyasta nan.

Wannan cibiya ce kuma ta gano wani abu da ya sa na fi son 2016 a kan 2015. A 2015 mai cikakkun ƙofofi huɗu, SuperCrew, tana da wasu sandunan ƙarfe a gaba da bayan tayoyin gaba masu hana taya kutsowa wurin ƙafar direba in an yi karo ta gefen gaba. Mai ƙananan ƙofofin baya, SuperCab, ba a sa mata ba, kuma sakamakonta a gwajin bai yi kyau ba. A 2016 Ford ya sa wa duka. A shekarar ce kuma allon Sync 3 ya maye gurbin tsohon mai nawa, aka kawo wani maɓallin murɗawa da ke taimaka wa direba yin baya da tirela.

Injunan 2015 da 2016: an jefar da 6.2, 3.7 ya koma 3.5 marar turbo, 5.0 ya hau doki 385, babban EcoBoost yana nan yadda yake da halayensa da na ambata. Sabon shiga shi ne 2.7 EcoBoost mai doki 325. Kada ƙanƙantarsa ta ruɗe ka, yana gudu, kuma a takarda yana yin sama da kilomita 9 a lita, alhali 5.0 na shekarar bai kai 8 ba. Sai dai abin da na lura da shi a kan duk masu turbo shi ne tsimin nan na motar da ba kaya ne. Ka loda ta ka taka, turbo ya buɗe, za ta sha kamar mai silinda takwas. Giyabos har yanzu mai shida ne a dukansu. Ka ga ke nan ta 2016 mai 5.0 sabon jiki ce a kan tsohon inji da tsohon giyabos da aka riga aka san halinsu.

Ta 2017 ba ta cikin jerinka, amma ka san ta don dillalai na haɗa ta da 2016. Fuska ɗaya ce. Sai dai babban EcoBoost na 2017 sabon inji ne, doki 375, mai nozul biyu a kowace silinda, ɗaya a bayan bawul ɗaya a ciki, abin da ya rage matsalar kunkunniya. Shi ne kuma ya fara zuwa da giyabos mai giya goma wanda Ford da General Motors suka haɗu suka ƙera. Sauran injunan 2017 suna kan giya shida. Raptor ma, nau'in F-150 na gudu a jeji, wadda ba a yi ta ba a 2015 da 2016, a shekarar ta dawo da doki 450.

A 2018 aka gyara fuska, aka kuma taɓa kusan komai a ƙarƙashin bonet. Ƙaramin inji ya zama 3.3, shi kaɗai aka bari da giya shida. 2.7 da 5.0 sun sami nozul bibbiyu da giya goma, 5.0 ya kai doki 395. Kyamarar baya ta zama dole a kowace. A tuƙi, ta 2018 ta fi duk sauran ukun daɗi, wannan ba gardama. Amma ga abin da ke biye da daɗin.

Na farko, 5.0 na 2018 zuwa 2020 ba shi da hannun rigar ƙarfe a cikin silinda irin na da, wani siririn rufi aka fesa a bangon. Masu motoci da dama sun yi kukan yana shan baƙin mai tsakanin juye da juye, har Ford ya fitar da umarnin gyara ga dilolinsa. Ba kowanne ke yi ba, amma in ka faɗa kan mai yi, ba injin da za a kai wa mai boring a faɗaɗa a sa manyan ringi ba ne yadda muka saba. Na biyu, babban EcoBoost na 2017 zuwa 2020 ya yi suna da ƙarar giyar kamshaf a tashin safe. Na uku, giyabos mai goma. In yana lafiya ba ka ma jin shigarsa. In ya fara, sai fizga da tsallen giya da jinkiri, kuma gyaransa na hannu ƙwararre ne. Man da yake sha daban ne, Mercon ULV, alhali mai shida Mercon LV yake sha. Harafi ɗaya ne bambancin a jikin galan, amma ba a musanya su. Na ga inda yaron shago ya ɗura jan man giya na gama-gari don duk ja ne a idonsa.

Tunda maganar mai ta zo: 5.0 na waɗannan shekaru 5W-20 aka rubuta masa, masu turbo 5W-30. Al'adar nan ta ɗura 20W-50 a kowace mota wai don ƙasarmu da zafi, ita ce ke kashe taimin ɗin waɗannan injuna. Hanyoyin man ƙanana ne, mai kauri ba ya isa inda ake buƙatarsa da wuri. Iskar AC ma an canza ta a tsakiyar wannan zubi daga R-134a zuwa R-1234yf mai tsada, takardar da ke manne a ƙarƙashin bonet za ta gaya maka wadda taka ke sha. Daga 2018 kuma kowane inji yana kashe kansa in ka tsaya, ya tashi in ka saki birki. A cunkoson Kawo da azahar za ka gaji da shi, akwai maɓallin kashewa amma sai ka danna duk lokacin da ka tayar da mota, kuma batirin da tsarin ke so ya fi na gama-gari tsada.

A 2018 ɗin ne aka fito da mai dizal, 3.0 Power Stroke. Na san manomi da ya ji dizal sai ransa ya biya, saboda Hilux da tarakta. Ka kawar da kai. An ƙera shi ne don dizal ɗin Amurka wanda sinadarin farar wutar da ke cikinsa bai wuce kashi 15 cikin miliyan ba, yana da matatar hayaƙi a salansa mai toshewa, yana kuma buƙatar wani ruwa na musamman a tanki na daban. Ford da kansa ya daina yin sa a 2021.

2019 da 2020 ba wani abin kirki da ya canza sai ƙarin na'urorin taka birki da kansu da makamantansu. Zubin 2021 kuwa, in wata rana aljihu ya kai, abin da zai ja hankalinka shi ne PowerBoost, mai haɗa fetur da batir, doki 430, wadda ake iya samu da janareta mai kilowat 7.2 a bodin baya. Lokacin da sanyi ya kashe wutar jihar Teksas a Fabrairun 2021, an ga mutane suna haska gidajensu da ita. Sai dai wutar Amurka take bayarwa, bolt 120 da 240 a kan zagaye 60, tamu kuwa 230 ce a kan 50, don haka ba kowane injin ban ruwa ko firji za ka soka mata kai tsaye ba. A 2024 an sake gyara fuska, aka jefar da 3.3, 2.7 ya zama ƙaramin inji.

Akwai abin da ya fi shekara muhimmanci ga mai ɗaukar buhu, kuma ba ka tambaya ba. Girman F-150 yana yaudara. A tallar 2015 an ce tana ɗaukar fam 3,300, wato kusan tan ɗaya da rabi, amma wannan mai ƙofa biyu ce da aka yi wa sifirin na musamman, irin da ba kasafai ake gani a gwanjo ba. Wadda ake yawan kawo mana, mai ƙofa huɗu, mai jan taya huɗu, mai kujerun fata da rufin gilashi, abin da aka yarje mata yakan tsaya tsakanin kilo 700 da 850, kuma a cikinsa har da kai da fasinjojinka. Buhun masara mai kilo 100 guda shida ko bakwai ke nan da direba. Hilux da ake rainawa tana ɗaukar kusan haka ko fiye. An gina F-150 ne don jan tirela da doguwar tafiya cikin jin daɗi. Adadin kowace mota yana rubuce a wata takarda mai ruwan ɗorawa a jikin ginshiƙin ƙofar direba. Matakan ƙasa, XL da XLT, sun fi ɗaukar kaya, sun kuma fi ƙarancin abin lalacewa. King Ranch da Platinum na zuwa ɗaurin aure ne. Ka kuma tambayi tsawon bodin, don mai ƙofa huɗu yawanci ƙafa biyar da rabi ne kawai, akwai mai shida da rabi in an nema. In ka dace da mai babban tanki na galan 36, wato lita 136, ka yi murna, sai dai ranar cika shi.

Sai jihar da motar ta fito. A Mishigan, Ohayo, Niyok da sauran jihohin ƙanƙara, gishiri ake watsawa a titi, yana cin ƙasan mota. A ta 2014 tsatsar za ta nuna kanta a ƙasan ƙofofi da saman tayoyin baya. A ta 2016 da 2018 jiki zai yi ta ƙyalli alhali shasin ƙarfen da ke ƙasa ya ruɓe, don haka hoton ƙasa ya fi hoton gefe amfani. Na kudu kamar Teksas da Fulorida ba su da wannan, tasu matsalar ambaliya ce. Guguwar Harvey ta 2017 ta nutsar da motoci masu ɗimbin yawa a Hustan, kuma irinsu gwanjo suke ƙarewa. Mota mai kwamfutoci da yawa in ta sha ruwa ba ta warkewa. Haka in wadda ta yi haɗari ce, a mai alminiyam ka duba ko dukan ya tsaya a abin da ake kwancewa da sifana, kamar ƙofa, madgad da bonet. In ya taɓa ginshiƙi ko rufi, bar ta.

In kuɗina ne, ga yadda zan yi. Ta 2010 na cire ta. Ta 2018 sai in kana da makaniki mai kwamfuta a Kaduna ko Apo ta Abuja da ka yarda da shi, kuma ba ka ƙin kashe kuɗi a kan mai na asali. Saura ta 2014 da ta 2016, in dukansu 5.0 ne. Tunda inji da giyabos kusan ɗaya ne, tambayar ta koma wa zai riƙa tuƙa ta. In yaran gona ne za su riƙa shiga da ita tsakanin kututture da shanu, ana goga ta yau ana buga ta gobe, ɗauki ta 2014, shekarar ƙarshe ta zubinta, wadda kowane mai bugun bodi zai iya miƙar da ita. In kai ne da kanka, kuma rabin aikinta titin Kaduna zuwa Saminaka ne da iyali a ciki, ta 2016 ta fi: ta fi sauƙin nauyi, ta fi ɗaukar kaya, ta fi kariya. In kuwa ɗaya EcoBoost ce ɗaya 5.0, bi 5.0 ko wace shekara ce a cikin biyun. Kwastan na da ƙa'idar shekarun tsohuwar motar da ake shigowa da ita, saboda haka ka sa ejan ya tabbatar maka da matsayin ta 2014 kafin a buga kuɗi.

Ka ce wa dillalin ya turo maka lambar VIN ta kowacce, hoton takardar nan mai ruwan ɗorawa, hoton ƙasan mota daga baya, da bidiyon tayar da injin yana sanyi, bonet a buɗe, daga lokacin da aka murɗa makulli. In mai jan taya huɗu ce, a saurari gaba ko akwai gurzar ƙarfe a ƙaramin gudu, don makullan tayoyin gaba da iska suke aiki, kuma in bututun ya tsage sukan yi wannan kuka a dukan shekarun nan huɗu. In ka samu lambobin, turo mini in karanta maka su.